Darasi: Bawul, Matsin Ruwa da Matsin Iska

Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, aikin manomin Gaya da na Ajingi yakan koma fadama. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, wadda ta biyo baya a 1992, shi ne yake bi ta Wudil ya gangara Ringim da Haɗejia, kuma shi ne yake ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a fadamun gefen kogin har tsakiyar bazara. Iyayenmu da jigo suke ɗebo wannan ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, su zuba a fangali. Daga baya hukumar aikin gona ta KNARDA da shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, suka yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa mai amfani da fetur. Tun kuma da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da yawa suka fara duban famfon sola, da tankin sama, da abin feshin ruwa, domin kowace lita ta fetur yanzu sai an yi mata lissafi.

Duk waɗannan kayan suna da abu guda da jigo bai taɓa buƙata ba, wato bawul. Shi ne yake buɗe wa ruwa hanya, ya rufe, ko ya hana shi komawa baya. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da inji, amma idan aka saye shi da ka, zai iya tsayar da ban ruwan yini guda, ko ya fasa bututu, ko ya ji wa mutum ciwo.

Lambar da ke jikin ƙarfe

Kafin a yi maganar bawul, sai an san matsi. Matsi shi ne ƙarfin da ruwa ko iska suke tura bangon abin da aka rufe su a ciki. Ana auna shi da ba ko da psi, kuma duka biyun za ku gan su a fuskar gejin mai faci. Ba 1 ya kai kusan psi 14 da rabi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar ba 2 zuwa 2 da rabi, ta babbar mota kuwa takan kai 7 ko 8.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai noman rani ya haddace: tsayin ruwa na mita 10 yana ba da matsin ba 1. Tsayi ne kawai yake ba da matsi, faɗin tanki ba ya ƙara komai. Tankin lita 500 da na lita 5,000, idan duka an ɗora su a kan ginin mita 3, matsin da suke bayarwa a ƙasa kusan ɗaya ne, wajen kashi 3 cikin 10 na ba. Mutane da yawa suna sayen babban tanki da zaton zai ƙara wa ruwa gudu. Abin da yake ƙarawa shi ne daɗewa kafin ruwan ya ƙare.

Injin fetur mai inci 2 ko 3 da aka saba gani a fadama yawanci yakan iya tura ruwa sama mita 25 zuwa 30, wato ba 2 da rabi zuwa 3, kuma wannan sai lokacin da ruwan da ke fita bai da yawa. An ƙera shi ne don ya kwararo ruwa mai yawa a ƙasa mai shimfiɗa. Abin feshin nan mai juyawa yana buga hannunsa, wanda wani manomin lemo mai suna Orton Englehardt ya ƙirƙira a Kalifoniya a 1933, yana son ba 2 zuwa 3 a bakinsa kafin ya watsa ruwa yadda ya kamata. Shi ya sa wanda ya jera kawunan feshi goma a kan injin kwararo yakan ga ruwan yana zuba a gindinsu kawai.

A jikin bawul da bututu na kirki za ku ga an rubuta PN6, PN10 ko PN16. Lambar tana nufin iyakar ba ɗin da abin zai jure. Sharuɗɗa biyu ne a ɓoye a bayanta. Na farko, an auna ta ne da ruwa mai sanyi, wajen digiri 20. Bututun PVC yana laushi da zafi, kuma a digiri 40, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano cikin Afrilu, ƙarfinsa yakan ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Idan kuma ya shekara a rana ba a binne ba, yakan bushe ya yi gautsi. Sharaɗi na biyu, lambar ta ruwa ce, ba ta iska ba.

Waɗanda ake juyawa da hannu

Bawul mai hannu guda, wanda ake karkatarwa sau ɗaya ya buɗe ko ya rufe, shi ya fi yawa a gonaki. A cikinsa akwai ƙwallo mai huda. Idan hannun ya yi daidai da bututu, a buɗe yake. Idan ya gicciye, a rufe. Yana jure yashi, ba shi da tsada. In za ku saya, ku buɗe shi ku leƙa ta ciki a hasken rana. Wani hudarsa ta yi faɗin bututu, wani kuwa an rubuta masa inci 2 amma hudar da ƙyar ta wuce inci ɗaya da rabi, kuma wannan matsewar fetur take ci kullum.

Aibinsa shi ne saurin rufewa. Ruwan da ke gudu a dogon bututu nauyi ne da shi. Idan aka datse shi farat ɗaya sai ya bugi bawul, ka ji ƙara gum, bututun ya zabura. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zhukovsky, ya yi nazarin wannan bugu a bututun ruwan birnin Mosko a ƙarshen shekarun 1890, ya nuna cewa matsin yakan yi tsalle ya ninka na kullum. Sau da yawa gaɓoɓin da suke kwancewa a gona wannan ne sanadinsu, ko da yake gam ake zargi. Ku riƙa rufewa a hankali, kuna ƙirga ɗaya zuwa goma.

Mai kambun da ake murɗawa sau da yawa ba ya wannan bugu, amma yashi yana taruwa a ramin da ƙofarsa take zama, sai ya ƙi rufewa ruf. Ya fi dacewa da babban layi inda ba a yawan taɓa shi.

Sai na gindin mesa, wanda yake nutse a ruwa. Aikinsa ya bar ruwa ya hau, ya hana shi komawa idan an kashe inji. Duk wanda yake ɗura wa inji ruwa da bokiti kowace safiya har sau uku kafin ya kama, ya fara duba wannan bawul kafin ya kira makaniki. A tuna kuma cewa injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, kome ƙarfinsa. Idan ruwa ya ja ƙasa a Maris, sai a haƙa rami a saukar da injin. Kada a taɓa rage ruwa ta ɓangaren zuƙa. A rage ta ɓangaren fita. Kada kuma a bar inji yana aiki alhali bawul ɗin fita yana rufe ruf, domin ruwan cikinsa zai yi zafi ya ƙona robar da ke hana yoyo.

Mai buɗe kansa

Bawul ɗin da ya fi ban sha'awa shi ne na layin feshi, wanda lantarki yake buɗewa. Ya fara shigowa tare da kayan sola da na ɗigon ruwa, kuma mutane suna saye ba tare da sanin yadda yake aiki ba.

Ku kwance sukurorin murfinsa, za ku tarar da abu uku: faifan roba mai laushi, da siririn sifirin a kansa, da ɗan ɗaki tsakanin faifan da murfi. A jikin faifan, ko a gefensa, akwai wata huda ƙarama wadda da ƙyar allura za ta shige ta. Ruwa yana zuwa ta ƙarƙashi yana tura faifan sama. Amma ta wannan 'yar hudar wani ruwan yana ratsawa ya cika ɗakin sama. Matsin sama da na ƙasa ɗaya ne, sai dai fuskar faifan ta sama ta fi faɗi, don haka turin sama ya rinjayi na ƙasa, faifan ya danne bakin hanya. Ruwan da kansa ne yake rufe wa kansa ƙofa. A kan murfin akwai wani ɗan gwangwani mai wayoyi biyu, maganaɗisun lantarki ne. Idan wuta ta shige shi sai ya ɗaga wata 'yar sanda, ya buɗe huda ta biyu wadda ta ɗan fi ta farko girma. Ruwan ɗakin sama ya tsiyaye ta nan fiye da yadda yake shigowa, matsin sama ya faɗi, ruwan ƙasa ya ɗaga faifan, hanya ta buɗe.

Wanda ya fahimci wannan ya gama gane duk cututtukansa. Tunda matsin ruwa ne yake motsa faifan, yawancin irin wannan bawul ba ya aiki sosai idan matsin bai kai wajen ba 1 ba. A kan tankin mita 3 zai buɗe rabi, ko ya ƙi rufewa, a ce jabu ne, alhali lafiyarsa ƙalau. Mai tankin sama ya nemi wanda aka yi don ƙaramin matsi, ko ya tsaya a kan mai hannu, wanda a ganina ya fi dacewa da yawancin gonakinmu. Tunda kuma rufewarsa ta dogara ga huda mai faɗin allura, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta bar shi a buɗe dare guda, ruwa ya kwanta a kan albasa. Ruwan fadama da yashi yake zuwa, saboda haka mataci a gabansa dole ne. Akwai kibiya a jikinsa mai nuna inda ruwa zai bi. Idan aka juya shi ba zai rufe ba. Ƙarfin wutar da yake so a rubuce yake a jikin gwangwanin, galibi bolt 24, wasu 12 ko 9 na batir. Wanda ya jona shi kai tsaye da wutar gida ya ƙona shi nan take.

A shago

Ku karanta wannan hira da murya, mutum biyu-biyu.

"Salamu alaikum. Alhaji, barka da kasuwa."

"Wa alaikumus salam. Malam, sannu da zuwa. Daga ina?"

"Daga Ajingi. Bawul nake so mai inci 2, na layin ban ruwa."

"Inji ne yake tura maka, ko tanki?"

"Tanki ne, sola take cika shi. Tsayin gininsa ya kai mita 4."

"To ka bar mai wayar nan, ba zai yi maka ba. Ga mai hannu. Leƙa cikinsa ka gani."

"Na gani, hudar a cike take. Mene ne aka rubuta nan?"

"PN10. Ya fi ƙarfin ruwanka nesa ba kusa ba. Amma ka binne bututun, kada rana ta cinye maka shi."

"Allah Ya saka da alheri, Alhaji."

Ba kowane mai shago a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari zai yi muku waɗannan tambayoyi ba. Ku je da amsoshinsu a rubuce: faɗin bututu, tsayin tanki ko irin inji, da ko ruwan yana da yashi.

Gyara da sauyi

Gaya garin maƙera ne tun asali. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka bi tama har dutsen Dala suka zauna, kafin Kano ta zama birni. Har yau mutumin wannan yanki ba ya jefar da abu don ya lalace, sai ya kwance ya ga cikinsa, kuma wannan hali ne mai kyau. Robar bawul ɗin gindin mesa idan ta cinye, a yanko wata daga robar cikin tayar mota, a daidaita ta da tsohuwar. A naɗe rariyarsa da raga don rage yashi, a ɗaure shi ya rataya bai taɓa ƙasan rijiya ba. A sa mahaɗi mai kwancewa a gaba da bayan kowane bawul mai tsada, don a iya cire shi ba tare da yanka bututu ba. Bawul mai faifai idan gwangwaninsa ya ƙone, yawanci akwai ɗan sukuro a murfi da ake sassautawa da hannu ya buɗe, a ɗaure ya rufe, har a samu sabo.

Abin da ba a yi shi ne faɗaɗa 'yar hudar faifan da ƙusa. Wasu suna yi don kada yashi ya toshe ta. Da zarar ta kai girman huda ta biyu, ɗakin sama ba zai ƙara tsiyayewa ba, bawul ɗin ya daina buɗewa sosai. A wanke ta da ruwa, a hura ta da baki.

Masu mayar da injin fetur ya koma amfani da gas ɗin girki, kamar yadda aka yi ta yi a Kano da Jigawa bayan tsadar mai, su ma su kiyaye. Tiyon ruwa da bawul ɗin ruwa ba na gas ba ne. A yi amfani da na gas, a shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa, in ya yi kumfa akwai yoyo.

Bindigar dankali

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai masu wani wasa da suke ɗaukar irin wannan bawul mai faifai su haɗa shi tsakanin bututu biyu na roba, su ɗura iska a ɗaya, su cusa dankalin Turawa a ɗayan. Sun zaɓe shi ne saboda iska ta fi ruwa saurin tsiyayewa daga ɗakin sama, sai faifan ya ɗage cikin ƙiftawar ido, dankalin ya tashi da ƙarfin da zai iya fasa gilashi ko ya tsiyayar da ido. Bidiyoyinsu sun cika YouTube da TikTok, kuma 'ya'yanmu suna kallo a waya. Bututu yana nan a gona, injin iska yana wurin mai faci a bakin titi. Dalilin da ya sa wannan darasi ya taɓo maganar ke nan, domin iyaye da masu faci su ne za su fara ganin yaro da bututun da aka toshe bakinsa.

Bambancin ruwa da iska a cikin bututu shi ne ruwa ba ya matsuwa. Idan aka matsa ruwa lita 10 da ƙarfin ba 6, abin da zai ragu bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. In bututun ya tsage, wannan ɗan abin ya fita, matsin ya mutu, sai ruwa ya tsiyaye a ƙasa. Iska kuwa matsuwa take yi, kamar yadda Robert Boyle ya nuna tun 1662. Kafin geji ya nuna ba 6 a bututu mai cin lita 10, an cusa masa iskar da za ta cika lita 60 a kan wadda take ciki. Tana zaune ne kamar bakan da aka ja aka riƙe. Ranar da bututun ya tsage, duk lita sittin ɗin za su nemi fita a lokaci guda, kuma PVC ba ya yagewa, tarwatsewa yake yi, ya zama tsinkakkun ɓaraguzai masu kaifi da suke tashi ta ko'ina, daidai tsayin fuska da ƙirjin wanda yake riƙe da shi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da gargaɗi a 1988 a kan amfani da bututun PVC wajen ɗaukar matsattsiyar iska a sarari. Wannan a ƙasar da bututunsu yake da tabbataccen awo ke nan. Namu da ya sha ranar bazara biyu, wani ma na magudanar ruwan wanka ne da ba a rubuta masa PN ko ɗaya ba, haɗarinsa ya fi haka. Ban da wannan, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisi, kuma ƙera makami ba da izini ba laifi ne.

Manya ma suna faɗawa wannan haɗari ba da wasa ba. Mutum ya gama shimfiɗa sabon layi, yana so ya ga ko akwai yoyo, sai ya toshe ƙarshensa ya aro injin mai faci. Kada a yi haka. Layin ruwa da ruwa ake gwada shi: a buɗe bawul ɗin ƙarshe, a cika a hankali har ruwa ya fito ba tari ba kumfa, sannan a rufe, a bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu. Idan layin ya hau tudu ya sauka, iska takan maƙale a ƙololuwar, ta rage gudun ruwa, ta kuma ƙara ƙarfin bugu. A sa ɗan bawul a wurin don fitar da ita duk sanda za a fara ban ruwa.

Aikin aji da na gida

1. Tanki yana kan gini mai tsayin mita 6. Matsin ba nawa zai bayar a ƙasa? Zai iya tafiyar da bawul mai faifai da yake buƙatar ba 1? Ku nuna lissafinku.

2. Manomi ya ce bawul ɗinsa na lantarki ya ƙi rufewa ko da ya cire waya. Ku rubuta abu biyu da za ku fara dubawa.

3. Ku bayyana wa abokin zamanku, da kalmominku, abin da ya sa bututun da ya jure ba 6 na ruwa yake da haɗari a ba 6 na iska.

4. Kafin zama na gaba, kowa ya duba bututu ko bawul ɗaya a gonarsa ko ta maƙwabci, ya kwafo duk rubutun da ke jikinsa a littafinsa. Wanda yake da lalataccen bawul a gida ya zo da shi tare da sukurdireba, za mu kwance shi a aji.